Amsa: Shin manhajar kwaikwayo za ta gano dalilin karyewar ƙarfen huda?

Injiniya, ka ce ƙarfen huda na injin matsa faranti a wurin aikinku yana tsinkewa a wuya, daidai inda siririn ya haɗu da mai kauri, kuna ta sauyawa abin bai daina ba, kuma kana tambaya ko ANSYS, manhajar da ke kwaikwayon yadda lodi ke aiki a jikin ƙarfe, za ta faɗa maka dalili. Za ta taimaka sosai, amma ba da ita ake farawa ba.

Fara tattaro guntayen da suka karye. Kada a goge bakin karayar, kada kuma yaran shago su riƙa haɗa su suna gwadawa, domin shaidar tana nan a fuskar. In ka ga layuka masu lanƙwasa sun taso daga wuri guda suna faɗaɗa, gajiyar ƙarfe ce, tsaga ta daɗe tana cin sa a hankali. In kuwa fuskar tana ƙyalli, ta ɓalle lokaci guda, gautsi ne. Daga nan a auna tauri. Yawancin irin waɗannan da wani nau'in ƙarfe mai suna D2 ake yin su, mai kuromiyam kusan kashi 12 cikin ɗari, ana kai shi 58 zuwa 62 a ma'aunin Rockwell. Yana jure gogayya, amma ba ya son duka. Na sha ganin wanda aka ba shi tauri ba a mayar da shi tanda an sassauta shi yadda ya kamata ba, ko an ƙona shi wajen wasawa. Kwamfuta ba ta san wannan ba. Ita a wurinta ƙarfen lafiyayye ne kamar yadda yake a littafi.

Ga inda mutane ke ruɗewa. A ce ramin milimita 10 ne, farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3. Kewayen ramin 31.4, sau 3, sau kimanin megafaskal 350 (niyuton a kan kowane murabba'in milimita) na ƙarfin yankewar farantin, ya ba ka wajen niyuton 33,000, tan uku da ɗoriya. Raba shi a kan faɗin filin bakin ƙarfen hudar, za ka samu megafaskal 420 ko kusa da haka, alhali D2 mai tauri yana ɗaukar danniya fiye da 2,000. Ka zuba wannan lodin a miƙe cikin manhaja, za ta nuna maka shuɗi da kore, ta ce komai lafiya. Ga shi kuma yana karyewa.

Don haka abin da ke kashe shi za ka saka mata. Ka karkatar da lodin gefe guda, kamar yadda yake faruwa in saiti ya goce ko ratar da ke tsakanin ƙarfen huda da ramin ƙasa ba daidai take ba a kowane ɓangare (galibi kashi 5 zuwa 10 na kaurin farantin ake bari a kowane gefe). Ka kuma saka jan da yake sha sa'ad da yake fitowa farantin ya riƙe shi. Ƙarfe mai tauri ja ne ke tsaga shi, saboda haka kada ka tsaya kan von Mises kaɗai, wato adadin da ke haɗa ja da danniya wuri guda bai bambanta su ba, duba mafi girman ja a wuyan.

Hattara da kusurwa mai kaifi a zanen. Duk sa'ad da ka ƙara ƙanƙanta ragar lissafin, wato ƙananan gutsattsarin da manhaja ke raba zanen a cikinsu, adadin matsin wurin zai yi ta hawa ba iyaka, kuma jan launin haɗari da za ta nuna a wurin ba gaskiya ba ne. Auno ainihin lanƙwasar wuyan ka zana ta, ka yi ta rage ragar har adadin ya tsaya wuri guda. Sannan ka gwada lanƙwasar milimita 0.5 da ta 2 ka kwatanta. Ni a nan na fi amincewa da manhaja, wajen kwatanta zane biyu.

In inda ta nuna ya dace da inda tsagar ta faro a guntun da ke hannunka, ka kama hanya. Faɗaɗa lanƙwasar, a goge ta sumul, in duka ya yi yawa ku koma S7, ƙarfen da ya fi D2 jure duka. In lasisin ANSYS ya yi muku tsada, FreeCAD da CalculiX kyauta ne kuma sun isa wannan aikin. Turo mana hoton fuskar karayar da sakamakon taurin mu duba tare.