Ƙanena ya zama ɗan ƙasar Faransa, 'ya'yansa ba sa jin Hausa: mene ne hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, Kamaru. Ƙanena ya daɗe a Faransa, bara ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Da hutun bana ya kawo iyalinsa gida, abin da na gani ya hana ni barci. Yaran ba Hausa ba Fulatanci, sai "sannu" kawai. Babban ya miƙa wa Hajiyarmu hannu yana tsaye ƙyam, tsohuwa ta kau da kai tana share hawaye da bakin mayafi. 'Yar kuma ta ce a ƙofar makaranta take cire hijabi. Na ce ya tattara ya dawo, ya ce shi yana sallarsa yana azuminsa. Mun rabu baram-baram. Shin zamansa can da karɓar takardar nan sun halatta? Ya wajaba in matsa masa ya dawo?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Alhaji, hawayen Hajiya sun taɓa ni, Allah Ya saka maka da alheri kan kishin zuriyarku. Sai dai ka ɗaure abubuwa da yawa a dami ɗaya, wasu addini ne, wasu al'ada, kuma sai an kwance damin.

Zama cikin waɗanda ba Musulmi ba, malamai sun daɗe suna saɓani a kansa, har a cikin mazhabarmu ta Malikiyya. Wansharisi ya tsananta ƙwarai: a fatawarsa ta 1491 ya wajabta wa Musulmin Andalus su fice daga ƙarƙashin mulkin Kirista. Amma shi yana magana ne kan ƙasar da aka ƙwace da yaƙi, kuma ba a jima ba aka fara tilasta wa mutanenta barin addini. Tun kafin shi Imam Maziri ya yi wa Musulmin tsibirin Sikiliya da ke ƙarƙashin mulkin Kirista uzuri. Abin da na gamsu da shi, ayar Suratun Nisa'i ta 97 ta rataya wajabcin hijira ne a kan wanda aka danne, ya kasa bayyana addininsa. Ga kuma Sahabbai a Habasha. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da mutanensa sun zauna ƙarƙashin sarkin Kirista, wasunsu ba su dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, alhali Madina na nan a buɗe. Uwar Muminai Ummu Salama ta ba da labarin cewa da wani ya yi wa Najjashi tawaye, sai suka hura salka, Zubairu ya ɗaura ta a ƙirji ya ƙetare kogi don ya gano musu yadda yaƙin ya kaya, su kuma suna roƙa wa sarkin nasara. Baƙi ne, amma zaman lafiyar ƙasar da ta karɓe su ya dame su, kuma gaban sarki ba su ɓoye abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa ba, ko da fadawa suka yi ta gunaguni.

Takardar zama ɗan ƙasa kuwa, gaskiya ne an taɓa yin fatawa mai zafi a kanta. A Tunisiya, farkon shekarun 1930, har hana binne waɗanda suka karɓe ta aka yi a maƙabartar Musulmi. Lokacin Faransa na mulkin mallaka a can, mai karɓar takardar yana barin kotun alƙali da gangan ya koma sahun masu danne 'yan'uwansa. Ƙanenka ba haka yake ba. A yau takardar alkawarin zama ce, tana kare masa aikinsa da haƙƙin 'ya'yansa. Ta halatta matuƙar bai yarda da kafirci a zuciyarsa ba. Kuma tunda ya shiga alkawari, cika shi wajibi ne: ba ƙarya a takardun tallafi, ba zamba, ba cutar da maƙwabci, kowane irin addini yake bi. Allah Ya ce a Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Faransa takan ba sabon ɗan ƙasa zaɓin mayar da sunansa na Faransanci. Ba dole ba ne, kada ya yi, musamman sunan uba.

Yanzu ga jikan da ya tsaya. Durƙusawa tarbiyyarmu ce, ni ma da ita na tashi, amma ba ibada ba ce. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Ko zai kama hannunsa su gaisa, ya ce e. Yaron da ya miƙa wa kakarsa hannu bai saɓa wa Allah ba, ladabin gidan ne ba a koya masa ba, kuma da mutum ɗaya ya ja shi gefe ya ce "ka rage tsawo, ka riƙe hannunta da hannu biyu", da ya yi. Haka tufafi. Annabi ya sa jubbar Rumawa mai matsattsen hannu. Hadisin da ya hana kamanceceniya da wasu mutane yana nufin abin da ya keɓanta da addininsu, kwat da wando ba sa ciki. Imam Ƙarafi ya gargaɗi mai fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa, kada ya auna shi da al'adar garinsa, ya tambaye shi al'adar can.

Mu tuna da kanmu ma. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro da kanwa suka sauka a ƙasar Lamiɓe, wato sarakunan Fulani. Suka koyi Fulatanci, suka yi auratayya, yau a Garwa da Marwa akwai gidajen Hausawa da yara suka fi sakewa da Fulatanci. 'Yan'uwanmu na unguwar Briketeri a Yawunde da Faransanci suke ciniki, na Njamena da Larabcin Chadi. Wa ya ce sun bar Musulunci? Bambancin harsuna Allah Ya ƙirga shi cikin ayoyinSa a Suratur Rum. Amma ina ganin laifin ƙanenka a nan, ba don Hausa farilla ce ba, sai don sada zumunci farilla ne, kuma jikan da ba ya iya ce wa kakarsa "ina kwana, yaya jiki" an tsinke masa igiya. Faransanci makaranta za ta ba su ko ya so ko ya ƙi. Hausa kuwa in ba a yi ta a kan tabarmar cin abinci ba, ba mai yi musu.

Maganar 'yar ita ce mai nauyi, ba zan sassauta inda Allah bai sassauta ba. Rufe kai wajibi ne ga wadda ta balaga. Faransa tana da ra'ayin cewa baƙo ya narke ya zama ɗaya da kowa, saɓanin irin su Kanada da tun 1971 ta ɗauki tsarin kowa ya riƙe al'adarsa. Dokar 2004 ta hana alamun addini na fili a makarantun gwamnati, ta 2010 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, a 2023 aka ƙara da abaya a makarantu. Rufe fuska da sauƙi, don a mazhabarmu fuska da tafuka ba al'aura ba ne. Kai kuwa daban. In yarinyar ba ta balaga ba, babu zunubi. In ta balaga, wajibi ne uban ya nemi mafita da gaske, domin dokar 2004 ba ta hau kan makarantu masu zaman kansu da jami'a ba. In ya nema ya rasa, lalura ce, a tsaya iyakarta: ta cire a ƙofa, ta mayar da ta fito, zuciyarta na ƙin hakan, kuma kada a kira ta da mummunan suna.

Ma'aunin dawowa shi ne sallar yaran da aƙidarsu. Ka tambaye shi cikin natsuwa: sun iya Fatiha? Suna tashi asuba? Akwai masallaci ko islamiyya kusa? In ya ga suna zamewa, suna jin kunyar a san su Musulmi ne, ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya faskara, to barin wurin ya zama wajibi a kansa in yana da iko, ko da zuwa wani gari ne ko wata ƙasa. In kuwa addininsu na tsaye, zamansa halal ne, ba ka da ikon tilasta masa, kuma ƙaurace masa fiye da kwana uku haramun ne.

Kai ne babba, ka fara kiransa. Ku sa rana ɗaya a mako da Hajiya za ta ga jikokinta ta WhatsApp, ta koya musu gaisuwa da bakinta. In hutu ya zagayo a turo su Garwa su yi wata biyu, su riƙe allo tare da 'ya'yanka, ka kuma ja kunnen yaran gida kada su yi musu dariya in sun karya Hausa.

Wallahu a'alam.