Amsa: Ko majalisa na da ta cewa a hulɗa da ƙasashen waje?

Malam, ka tambaya ko shugaban ƙasa kaɗai ke juya harkar ƙasashen waje. Majalisa ma tana da hannu sosai.

Dubi Amurka. A 1997 majalisarsu ta kafa dokar Leahy, wadda ta hana tallafa wa rundunar tsaron da aka samu shaidar tana take haƙƙin ɗan Adam. A 2014, Boko Haram na ƙwace garuruwa, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu, dangantaka ta yi tsami. Buhari da kansa ya koka kan dokar a Washington a 2015.

Mu ma, a Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa a kai wa Nijar yaƙi, kuma wallahi sun kyauta.