Amsa ga ƙanina mai shirin tahowa karatu: maganar Moodle ɗin nan

Salamu alaikum ƙanina, naga saƙonka tun shekaranjiya, kayi haƙuri ban amsa da wuri ba, makon duba asaimen ɗin ɗalibai muke ciki. Da farko ina tayaka murnar samun admishin, Allah Ya sanya albarka Ya kawo ka lafiya. In na fahimce ka tambayarka biyu ce. Kace a takardar da makarantar ta turo maka sun rubuta cewa duk kwasa-kwasanku ta Moodle, wato manhajar koyarwa ta intanet, zasu riƙa tafiya, har makonnin farko kana iya farawa daga gida kafin biza ta fito, da ka bincika sai kaga ance manhajar kyauta ce, shine hankalinka ya tashi ko makarantar bata da ƙarfi ne, ko ma ta bogi ce. Sannan yaran da kake koyarwa yanzu baka so ka watsar dasu in ka taho, kana tunanin ko zaka iya buɗe musu irin wannan abin ka cigaba da basu darasi daga nan.

Toh ka kwantar da hankalinka akan ta farkon. Kyautar da ake faɗa, ma'anarta lambobin da aka rubuta manhajar dasu a buɗe suke, kowa yana iya saukewa ya ɗora a sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet, ya gyara, ya ƙara abinda yake so, ba sai ya biya kuɗin lasisi ba, lasisin nata ana ce masa GPL. Amma makarantar tana kashe kuɗi sosai wajen saba da ma'aikatan da ke kula da ita dare da rana. Wani ɗan Ostareliya ne mai suna Martin Dougiamas ya ƙirƙiro ta, sigar farko ta fito a watan Agustan 2002, kaga ta haura shekara 20 ana aiki da ita. Abinda ya burge ni a tarihinsa, shi kansa a cikin hamadar yammacin Ostareliya ya taso, firamarensa ta rediyo ya yi ta, malamin yana can ɗaruruwan kilomita nesa dashi, don haka mutum ne da yasan zafin karatu daga nesa tun yana yaro. Open University ta Ingila, wadda gaba ɗaya aikinta koyarwa daga nesa ne, tun 2005 ta zaɓi Moodle. A nan Jamus jami'o'i da yawa ita suke amfani da ita, wasu kuma ILIAS ko Stud.IP, suma buɗaɗɗu ne kuma a jami'o'in ƙasar aka haife su, a Amurka zakafi jin Canvas. In kana son tabbatar da ingancin makaranta, rijistarta da hukumar ilimin ƙasar zaka duba, manhajar da take aiki da ita bazata gaya maka komai ba ta wannan fannin.

Abinda ni yafi damuna game da kai daban ne wlh. Mu mun saba malami ya shigo aji ya faɗi abu da baki, ko kilas ref ya sanar a guruf ɗin WhatsApp, in ka manta wani ya tuna maka. Anan shafin kwas ɗin shine allon sanarwa, shine ofishin malami, shine akwatin da ake jefa asaimen, kuma duk abinda aka rubuta a ciki ana ɗauka ka gani ko da baka buɗe ba. Makona na biyu da zuwa na fita da sassafe cikin sanyi naje ɗakin lakca na zauna ni kaɗai kusan minti ashirin, ashe tun daren jiya malamin ya rubuta a sashen sanarwa cewa an maida lakcar onlain, saƙon ya tafi imel ɗin makaranta wanda ni ko buɗe shi ban taɓa yi ba. Ba wanda ya yi min laifi, sanarwa an bada ta inda ake badawa. Don haka ranar da suka baka yuzanem da fasawod, ka ɗora imel ɗin makarantar a wayarka tun kafin ka yi komai, domin can Moodle ke tura duk wata sanarwa.

Sai lokaci. Wannan ya shafe ka kai tsaye tunda daga gida zaka fara. Ka shiga furofayil ɗinka ka duba yankin agogon da aka saita, don dedlain ɗin da kake gani da wannan agogon ake nuna maka shi, kuma yawancin ƙasashen Turai suna canja agogonsu sau biyu a shekara, ƙarshen Maris su ƙara awa ɗaya, ƙarshen Oktoba su rage, kaga tazarar da ke tsakaninku bata tsayawa wuri ɗaya. Sannan a asaimen malami yana iya sa ranaku biyu, akwai ranar da ya kamata ka miƙa, in ka wuce ta zai karɓa amma zai rubuta maka latti, akwai kuma ranar rufewa wadda in ta wuce maɓallin miƙawar ma ɓacewa yake gaba ɗaya. Wasu malaman rana ɗaya suke sa wa duka biyun.

Yanzu da nake taimakawa farfesana da kula da shafin kwas ɗinsa ina ganin abin ta ɗaya ɓangaren, kuma kuskuren da ke bani tausayi duk zango shine na daraf. A wasu asaimen ɗin ɗora fayil kawai bai isa ba, fayil ɗin zai zauna a matsayin daraf har sai ka danna maɓallin sabmit ka tabbatar. Zangon da ya wuce wata ɗaliba sabuwar zuwa ta shigo ofis idonta jajur, ta yi sati biyu tana rubutu, ta ɗora da daddare ta rufe kwamfuta ta kwanta, da sakamako ya fito taga ba maki. Muka zauna na buɗe rijistar ayyukan shafin, don Moodle tana ajiye komai, wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya danna, sai ga shi ta ɗora fayil ɗin minti ashirin kafin lokaci ya cika kuma bata sake taɓa shi ba. Da wannan na je wa farfesa ya yarda aka duba mata. Amma ba kowane malami zai yi haka ba, shi yasa nake ce maka duk lokacin da ka miƙa aiki ka tsaya ka karanta abinda shafin ya rubuta, ka tabbatar ya nuna an miƙa don a duba, ka ɗauki sikirinshot ka ajiye. Kuma wannan rijistar da ta ceci yarinyar nan ita ce dai take nuna wanda yace ya karanta alhali bai taɓa buɗe fayil ɗin ba, don haka kar ka faɗa wa malami abinda ba haka yake ba, yana gani.

Kwiz kuma agogonsa a saba yake tafiya, ba a wayarka ba. In ka fara kwiz na minti 30 netwok ya ɗauke, lokacin yana nan yana tafiya, amsoshin da ka riga ka bayar yawanci suna ajiyuwa amma mintocin da suka tafi sun tafi. Dan Allah kar ka fara kwiz a waya kana cikin mota, ka samu wuri mai netwok mai kyau da caji, in da hali ka tanadi layi na biyu. In kuma duk da haka abu ya faru, a take zaka rubuta wa malamin da hoton abinda ya faru, suna da ikon ƙara wa mutum ɗaya lokaci ko su bashi dama ta biyu, amma wanda ya yi shiru sai bayan kwana uku da wuya a saurare shi. Kuma kar ka dogara da tambayar abokinka me ya fito, malamai da yawa suna da rumbun tambayoyi ne manhajar ta zaɓo wa kowa nasa ta kuma juya jerin amsoshin. Haka asaimen, makarantu da yawa sun haɗa shafinsu da Turnitin ko makamancinsa mai gano kwafe, kuma satar rubutu anan tana iya kai mutum ga kora, ba wasa a ciki.

Akwai manhajar waya ta Moodle, ka sauke ta, tana baka damar sauke kayan kwas ka karanta ba data, wannan zai taimake ka sosai a makonnin da kake gida. Kafin ma su buɗe maka naka, masu Moodle suna da shafin gwaji da kowa ke iya shiga a matsayin ɗalibi ko malami, duk awa ɗaya ake goge komai a maida shi sabo, kaje ka yi ta danne-danne ba abinda zaka ɓata.

Toh maganar yaranka. Naji daɗin wannan tunanin naka sosai, kuma zai yiwu, amma gara in gaya maka inda nauyin yake. Sauke Moodle ba wuya, riƙe ta ne aiki. Tana buƙatar saba mai PHP da rumbun bayanai irin MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL, akwai wani ɗan aiki da ake ce wa kuron da ya kamata ya riƙa gudana duk minti ɗaya a bayan fage, in bai gudana ba imel baya fita kuma abubuwa da yawa tsayawa suke, ga sabuntawa saboda tsaro, ga bakof, wato ajiye kwafin komai a gefe. Kai kuma zangonka na farko ne a sabuwar ƙasa, ga karatu ga neman ɗaki ga takardun zama, ina jin tsoron ranar da sabar zata faɗi kana tsakiyar jarabawarka yara arba'in suna kiranka. Shawarata ka fara ɗora ta a laftof ɗinka kai kaɗai ka koyi gina kwas, in ka gamsu sai ka kama haya wurin masu riƙe saba, su kansu masu Moodle suna da nasu mai suna MoodleCloud, su ji da injin kai ka ji da koyarwa. Abu mai daɗi shine kwas ɗin da ka gina kana iya naɗe shi a fayil ɗaya ka ɗauke shi zuwa wata sabar ta Moodle, wahalarka bazata tafi a banza ba in ka canja wuri.

Amma abinda nafi so ka riƙe shine yadda zaka tsara shi, don naga shafukan da malami ya zuba PDF hamsin a wuri ɗaya ba tsari ya tafi abinsa, yara su shiga sau ɗaya basu sake komawa ba. Ka raba shi mako-mako. Kowane mako ɗan rubutu gajere da ke cewa ga abinda zamu koya ga abinda nake so ku yi kafin ranar kaza, sai abin karantawa guda ɗaya, sai kwiz na tambaya biyar zuwa goma da manhajar zata duba da kanta ta nuna wa yaro inda ya kuskure da dalili, wannan bayanin da zaka rubuta a ƙarƙashin kowace amsa mara kyau shine ainihin koyarwar, ka bashi lokacinka. Yaranka a waya zasu shiga kuma data tana musu tsada, don haka bidiyon awa ɗaya bazai yi ba, ka yi murya ta minti biyar ko rubutu da hoto mara nauyi, kuma duk abinda ka ɗora ka buɗe shi a ƙaramar waya ka gani da idonka kafin ka sake musu. Akwai BigBlueButton na ajin kai tsaye, tun siga ta 4.0 da ta fito a 2022 yana cikin Moodle, amma yana cin data kuma yana buƙatar sabarsa daban, ka barshi sai an jima.

Kuma dole su riƙa jin motsinka a ciki. Yaro in ya rubuta tambaya kwana huɗu ba amsa, ya gama da shafin kenan. Ka ware musu lokaci biyu a sati da suka san kana nan, ka kuma samu mutum ɗaya a can, ko babba daga cikinsu, ka bashi matsayin mataimakin malami wanda yake iya dubawa da bada maki amma baya iya canja kwas ɗin, shi zai riƙa bin wanda ya ɓace. Akwai wurin da zaka ga wanda ya kwana bakwai bai shiga ba, irin wannan kira yake buƙata a waya, don sau da yawa ba lalaci bane, waya ce ta lalace ko fasawod ya manta yana jin kunyar faɗa. Guruf ɗinku na WhatsApp kar ka rufe shi, ka barshi na tunatarwa, amma aiki da maki su zauna a Moodle inda baza su nutse cikin hira ba. In akwai ƙananan yara a cikinsu ka nemi izinin iyayensu kafin ka buɗe musu akawun, kuma kar ka karɓi bayanin da baka buƙata, sunan yaro da imel ɗinsa sun isa.

Ni dai da zaka ji tawa, ka fara da kwas ɗaya na sati huɗu da yara goma kafin ka taso, kana kusa dasu kaga inda suke maƙalewa ka gyara. In ka gina makon farko ka turo min hotunansa in duba maka, haka in makarantar ta buɗe maka shafinka akwai abinda ya shige maka duhu ka turo hoton, amma fasawod ɗinka kar ka ba kowa har ni. Ka gaida mutanen gida, ka kuma sanar dani ranar da suka baka a ofishin biza.