Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Faransanci da Littafin Jabu

Wata uwa daga Maraɗi ta rubuto hankali a tashe. Ɗanta zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, kullum malami na gyara masa furucin "ils achètent" (wato "suna saye" da Faransanci), shi kuma yana karanta shi "a-she-tan". Ta ce ko ta ɗauko mai koya masa a gida?

Hajiya, kwantar da hankalinki, yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Mu a Hausa abin da muka rubuta shi muke faɗa, Faransanci kuwa yakan rubuta harafin da ba a furtawa. Wannan -ent na ƙarshen aikatau, bayan ils ko elles, shiru yake. Gaɓa biyu ce kawai: a-shet. Harafin s na "ils" ya manne gaba ya koma z, sai a ce il-za-shet. A kalma irin "souvent" ne ake jin sa ta hanci, don ita ba aikatau ba ce.

Kafin ki biya malami, buɗe littafin jeren aikatau da kika saya masa. Nan ne raina ke ɓaci. Iyaye su biya kuɗin lakwal, su ɗinka kayan makaranta, sai an zo littafi a tafi wanda aka shimfiɗa a ƙasa bakin kasuwa don ragin jaka guda! Na taɓa riƙe irinsa: takarda shara-shara, tawada ta dushe, wasu shafuka babu. Ɗan karan da ke kan è da é duk ya zama ɗigo. Alhali shi ke gaya wa yaro ya buɗe baki a "j'achète", ya rufe a "acheté". A "nous achetons" babu karan sam, har wasalin tsakiya kan faɗi a baki, a ce ash-ton. Yaron da littafinsa ya cinye masa wannan, da me zai gane? Ki nemi shafin "acheter" a gaban mai shago. In karan bai fito sarai ba, ajiye masa abinsa, ko kyauta ne.

Wani daga Kano yana tambaya ko ya sayi littafin da ya yi alkawarin Faransanci cikin mako ɗaya. Haba Malam! Hausarka ma a mako ɗaya ka iya ta? Riƙe kuɗinka.

Wata ɗaliba daga Damagaram: ƙamus na takarda ko na waya? 'Yata, in don furuci ne, na waya mai sauti. Ki saurara, ki maimaita da ƙarfi, kina tafa hannu a kan kowace gaɓa.