Kirarin jihohin Amurka da ka tambaya

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ƙafar nan ce ta sa ni gaba shi ya sa ka ji ni shiru. Ka ce kana ganin kowace jiha a Amurka da kirarinta a jikin lambar mota, wai gwamnati ce ke raɗa musu ko kuwa mutane ne, kuma wai har da tsuntsun jiha da furen jiha. To zauna ka ji.

Iri biyu ne. Akwai wanda majalisar jiha ta zauna ta yi doka gwamna ya sa hannu, akwai kuma wanda bakin jama'a ya laƙaba tun da can, gwamnati dai ta zo ta tarar. Ni a ganina na biyun nan shi ne mai daɗin labari, don da yawansu ma da gori suka fara. Ka ga Oklahoma, a 1889 gwamnati ta buɗe filaye aka ce ranar 22 ga Afrilu da tsakar rana kowa ya ruga ya kama nasa, sai wasu masu wayo suka lallaɓa tun kafin lokaci suka ɓuya a ciki, ana buga bindigar farawa suna kan fili mai kyau. Aka riƙa ce musu "Sooners", masu shiga kafin lokaci, wato 'yan magudi kenan fa, amma yau jihar gaba ɗaya da sunan take tinƙaho, har 'yan ƙwallon jami'arsu sunan suke amsawa. Wiskonsin ma haka, masu haƙar dalma ne wajajen 1820 da wani abu, ba su da gidaje suna kwana cikin ramukan da suka tona a gefen tudu, aka kwatanta su da wata dabba mai tonon rami irin dage, to ga dabbar nan yau zaune a saman tambarin jihar.

Misuri kuwa kirarinta "nuna mini in gani", an fi danganta shi da wani ɗan majalisa Willard Vandiver da ya faɗi haka a wani jawabi a 1899, cewa shi ɗan Misuri ne daɗin baki ba ya cin sa. Ya daɗe a jikin lambar motarsu amma ba doka ce ta kafa shi ba, mutane ne kawai suka riƙe.

Na hukuma kuma sau da yawa a makare suke zuwa. An gano zinare a Kalifoniya a 1848, amma sai 1968 majalisa ta ce sunanta Jihar Zinariya, shekara 120 kenan. Dalawaya ita ta fara amincewa da tsarin mulkin ƙasar ranar 7 ga Disamba 1787, amma sai 2002 aka rubuta "Jiha ta Farko" a doka, shi ma 'yan aji ɗaya na firamare ne suka roƙa. Yara kam suna da hannu sosai a harkar nan, tutar Alaska ma wani yaro ne ɗan shekara 14, Benny Benson, ya zana ta a gasar 1927.

Tauraro ɗaya na tutar Teksas, wanda ake mata kirari da shi, ba ado ba ne, ƙasa ce mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845 bayan ta ɓalle daga Meziko, tutar wancan zamanin ce har yau suke kaɗawa, kuma kar ka yi musu gardama a kai wallahi ba za ka sha ba.

Maganar tsuntsaye ba na ba ta muhimmanci sosai, jihohi bakwai ne suka zaɓi jan tsuntsu guda ɗaya, ina bambancin? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne beyar ɗin da ke tutar Kalifoniya, farauta ta ƙarar da irinsa a jihar tun wajajen 1920 da 'yan kai, sai a 1953 aka naɗa shi dabbar jiha bayan babu ko ɗaya. Niyu Hamsha ma suna da wani dutse mai kama da fuskar tsoho, ya rufto a watan Mayu 2003, amma in ka duba lambar motarsu yana nan daram.

In ka ci karo da wata da ban ambata ba ka ɗauko hoto ka turo mini. Ka gaida mamanka, ka ce mata ƙafar da sauƙi.