Katin aiki bai kai ka kan kwalta ba

Wani ɗan'uwa da ke aikin gini a Kobentiri ya rubuto mini. Watansa 15 a Ingila, yana tuƙa dampa, wato motar kwasar ƙasa ta filin gini, mai ɗaukar tan 6, yana da jan katin CPCS na masu sarrafa injinan gini da lasin tuƙi na Najeriya. Helman aikinsu kan ce ya fita da ita ta ƙofa, ya bi titi kamar rabin kilomita zuwa wani filin ginin nasu. Damfar ba ta da lamba. Ya ce yana tsoron ya ƙi a sallame shi, ga iyali a Funtuwa suna jiran aike duk ƙarshen wata.

Malam, amsar a taƙaice ita ce kada ka sake fita da ita.

Katin nan da kake riƙe da shi shaida ce kawai cewa an koya maka sarrafa injin a cikin shingen aiki. Da zarar taya ta taɓa titin gwamnati, ɗan sanda ba ruwansa da shi. Lasin DVLA, hukumar da ke ba da lasin tuƙi a can, zai tambaya. Shi kuwa lasin gida, na Najeriya ne ko na Nijar, wata 12 yake yi maka aiki daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na ƙasar. Naka ya ƙare tun wata uku da suka wuce. Ko ƙaramar mota ka hau yanzu da shi, a idon doka ba ka da lasi. Sai ka nemi lasin ɗan koyo, ka ci jarrabawar ƙa'idojin hanya, sannan ka ci ta tuƙi.

Abin daɗin shi ne lasin ƙaramar mota, wato rukunin B, ya ishe ka hawa titi da irin wannan dampa, ba sai ka yi na manyan motoci ba. Sharaɗin shekaru ne kawai: 18 idan nauyinta da kaya bai wuce tan 7.5 ba, 21 idan ya wuce. Katafila mai tafiya kan sarƙa tana da nata rukunin, H, injin daɓe kwalta kuma G.

To, ko da ka samu lasin, injin ma yana da nasa takardun, kuma a nan ne helma yake jefa ka cikin ruwa. Duk abin da zai hau titi sai an yi masa rajista, an liƙa lamba, an biya haraji, an yi masa inshorar hanya. Sassaucin da ake wa damfar aiki shi ne tana iya zirga-zirga kusa da filin, tazarar da ake ɗauka yadi 1,000 ce, amma wannan bai ɗauke rajista da inshora ba. Inshorar da kamfani ya yi wa ma'aikata a cikin fili daban take. Damfar da ba ta da lamba, da wuya a ce tana da ta hanya.

Wasu za su ce maka ai laifin kamfani ne. Da gaskiyarsu kaɗan: dokar hanya ta 1988 ta ba ma'aikaci kariya idan bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zargin cewa babu inshora. Amma kai da idonka ka ga babu lamba, har ka rubuto mini. Ni dai ba zan jingina da wannan kariyar ba. Hukuncin tuƙi ba inshora fam 300 ne da makin laifi 6, a kuma iya ƙwace injin. Idan aka je kotu, tarar ba ta da iyaka. Rashin lasin da ya dace na iya jawo tara har fam 1,000 da maki 3 zuwa 6. Makin nan a kan sunanka za a rubuta, zai zauna yana jiranka ko da ba ka da lasin ƙasar tukuna, ya kuma tsauwala maka kuɗin inshora ranar da ka sayi taka motar.

Abin da ya fi damuna ma shi ne takardunka. Ranar neman zaman dindindin ko zama ɗan ƙasa, fom zai tambaye ka ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci, har na laifin tuƙi. Ɓoyewa ta fi laifin muni. Balle a ce, Allah ya kiyaye, ka buge wani a hanyar.

Ba sai ka yi faɗa da helma ba. Tura masa saƙo a waya, don ya zama a rubuce, ka ce lasinka na waje ya ƙare, ba ka da izinin hawa titi, amma a cikin fili duk aikin da aka ba ka za ka yi. Idan ya matsa, kai maganar wurin manajan filin, domin shi ne zai amsa tambayoyi idan abu ya faru. Su ɗauko tirela mai ƙasa-ƙasa su ɗora damfar, ko su ba mai lasi bayan sun yi mata takardu.

Kuɗin jarrabawa da na koyon tuƙi kuwa, cire su daga aiken wata biyu ko uku, ka kira gida ka yi musu bayani tun yanzu.