Ba idonka ba ne, Malam, fitilunmu ne

Salamu alaikum. Malam, ka tambaya ko tsufa ne ya sa ba ka ganin taurari a Katsina kamar yadda kake gani kana yaro. Bari in amsa, domin sana'ata ke nan, shekara goma sha biyu ina haɗa wuta da sola a gidajen mutane.

Idonka lafiya lau. Ni ɗan Daura ne, kuma na tuna lokacin bazara muna kwana a tsakar gida, kakata tana nuna mana Kaza da 'Ya'yanta da bakin mafici, da asuba kuma ta ce Gamzaki ya fito, a tashi. Har wani farin layi muke gani ya ratsa sama kamar hayaƙi. Kwanaki na fito da ɗana tsakar gidanmu a Kofar Kaura in nuna masa, wallahi da ƙyar na gano Kazar, 'ya'yan kuwa babu. Abin ya dame ni, don fitilar da ta kashe mana ido ni na ɗaura ta da hannuna.

Abin da ke faruwa shi ne, fitilar da ba ta da murfi tana watsa haske sama. Hasken ya bugi ƙura da hazo, ya dawo ya wanke sararin, sai ƙananan taurari su ɓace. Farar fitilar LED ta fi muni, saboda shuɗin da ke cikinta ya fi bazuwa a iska. Kuma abin ya game duniya. Wani bincike na 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin wancan farin layi. Shi ya sa tun 1988 aka kafa ƙungiya a Arizona ta Amurka don kare duhun dare, kuma a 2012 ta amince da gandun NamibRand na Namibiya a matsayin wurin da ake kiyaye duhunsa.

Na san wani zai ce, da halin tsaron da muke ciki, wa zai kashe fitila? Ni ma ba zan kashe tawa ba. Amma ku lura: fitilar da ke dallare ido tana makantar da mai gadi ne, shi kuwa wanda ya laɓe a inuwar katanga yana kallon kowa. Idan ka sa mata murfi ka sunkuyar da kanta ƙasa, ƙofar gida ta fi fitowa sarai, maƙwabci ma ya samu barci. Yanzu duk wanda ya kira ni aiki, kwan fitila mai ruwan ɗorawa nake ba shi shawara, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, da irin wadda sai ta ji motsi take kamawa. Batir ma ya fi kai wa asuba, ƙwarin damina kuma ba sa taruwa kamar da.

Garin da ya fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata yaransa su tashi ba su san Zara ba.

In kana son ka gwada, Malam, jira lokacin duhun wata bayan an ɗauke ruwa, kafin hazo ya sauko. Ranar da aka ɗauke wuta, kashe fitilar solar tsakar gida, ajiye waya, ka zauna minti ashirin ido ya saba, sannan ka ɗaga kai.